Katakon Wuyan Jita: Daga Fullerton Zuwa Yawunde

Masu gyaran jitar lantarki sun san cewa gardamar katakon wuya daga masana'antu biyu na Amurka ta faro. A Fullerton da ke Kalifoniya, Leo Fender, mai gyaran rediyo da bai iya kaɗa jita ba, ya fito a 1950 da wuyan da aka sassaƙa daga katakon mefil guda, ana ɗaure shi da sukuru huɗu. In ya lalace, a kwance a sa wani. Gibson kuwa, da ta fitar da Les Paul a 1952 a Kalamazoo, ta riƙe tsohuwar hanya: wuyan mahogani, dangin maɗaci, a manne shi da gam, a shimfiɗa rozwud na Brazil inda yatsu ke danna tsirkiya.

Mefil tauri gare shi da nauyi. Mahogani ya fi laushi da daɗin sassaƙa, amma yana da rauni guda da ya daɗe yana ciyar da masu gyara. Kan wuyan Gibson a karkace yake baya da digiri 17, kuma daidai nan aka rarake gurbin juya sandar ƙarfen da ke miƙe wuyan. Jita ta kife a ƙasa, a wannan gaɓar take tsagewa.

Makaɗa kan ce mefil na da kaifin sauti, rozwud kuma taushi. Kunne na da nasa hukunci, amma gaskiya ba shi ya fi juya tarihin nan ba. Fentin sheƙi da ke kan farin mefil yakan goge, gumi da datti su bar baƙaƙen tabo. Rozwud ba ya buƙatar fenti, ba ya kuma tona datti. Fender ta fara sa shi a Jazzmaster a 1958, sauran jitocinta suka bi a 1959.

Sai doka ta shigo. A 1992 yarjejeniyar CITES ta hana cinikin rozwud na Brazil tsakanin ƙasashe. Jami'an Amurka sun kai wa Gibson samame a 2009 da 2011 kan katakon Madagaska da Indiya, kamfanin ya biya tarar dala 300,000 a 2012, ya kuma yi ɗan lokaci yana gasa mefil har ya yi duhu don ya maye gurbin rozwud. Da aka tsaurara wa dukan dangin rozwud a 2017, Fender ta koma kan pau ferro a jitocinta na Mekziko.

Eboni, ɗan uwan kanya, labarinsa ya fi taɓa zuciya. A 2011 Bob Taylor na kamfanin Taylor da abokan hulɗarsa na Madinter suka sayi injin yanka katako na Crelicam a Yawunde. Can masu sara suka shaida masa cewa sai an kayar da bishiya kusan goma kafin a sami ɗaya baƙa ƙirin, sauran masu ratsi a bar su suna ruɓa a daji. Taylor ya fara sayen mai ratsin da farashi ɗaya da baƙin, ya kuma sa shi a jitocinsa masu tsada.