Yadda Murzuna Ta Zama Maƙiyiyar Gero

A Gwadangaji da sauran garuruwan da ke kewaye da Birnin Kebbi, hankali ya fi karkata ga shinkafar fadamar Rima. Amma a kan tudu gero ne ke cika rumbu, kuma daga Senegal har arewacin Najeriya gero yana da maƙiyiya, wata tsutsa da manoman Maraɗi ke kira murzuna.

Uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, ruwan ƙasa mai ɗan ja, da ɗigo-ɗigon fari a fikafikan da faɗinsu bai kai santimita 3 ba. Wani masani Bafaranshe, de Joannis, ya fara bayyana shi a 1925. Yau masana na kiransa Heliocheilus albipunctella. Aka yi kusan shekara 50 ba wanda ya damu da shi.

Farin 1972 zuwa 1974 ne ya sauya lamarin. Bayan wucewarsa manoman Sahel suka fara ganin zangarniya da wata hanya murɗaɗɗiya a jikinta. Macen kan zuba ƙwai a kan zangarniyar da ta fara leƙowa, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta bi tana datse furen daga gindi, tana zagayawa. Mutum ya shafa, sai ƙaiƙayi ya zube masa a hannu, ba ƙwaya. In ta ƙoshi sai ta sauka ta shige ƙasa, ta kwanta rani sukutum, ba za ta fito ba sai kamar wata guda bayan ruwan shuka. Lokacin ne gero ke fitar da kai, shi ya sa ya fi maiwa shan wahala. A mummunar shekara asara kan kai kashi 85 cikin 100.

Feshi ya yi wa talaka tsada, kuma tsutsar a ɓoye take. Ashe maganin yana cikin gonar: wani mitsitsin zanzaro, Habrobracon hebetor, da ke harbin tsutsar ya yi ƙwai a jikinta. Tun 2006 masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Maraɗi, da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso, ke kiwonsa suna rabawa ƙauyuka cikin 'yan buhunan algarara, buhu 15 ga kowane ƙauye.

Kebbi na da iyaka da Dosso, hanyar Maraɗi kuwa sananniya ce. Ya kamata malaman gonarmu su je su koyo wannan dabara tun kafin damina ta kama.