Ajon da Ba a Yi wa Bagega Ba

A ranar 4 ga Yunin 2010 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta sanar cewa mutum 163 sun mutu a wasu ƙauyukan jihar Zamfara sakamakon gubar dalma, 111 daga cikinsu ƙananan yara. Kwana shida bayan haka duniya ta zauna gaban talabijin tana kallon wasan mawaƙa da aka shirya a Soweto domin buɗe gasar cin kofin duniya, kuma ranar 12 ga wata gidajen kallon ƙwallo daga Gusau har Legas suka cika maƙil saboda karawar Najeriya da Ajantina. Labarin yaran Anka da Bukkuyum ya samu 'yan mintuna a cikin labarai, sannan ƙwallo ta rufe shi.

A farkon wannan shekarar ce, ranar 22 ga Janairu, gidajen talabijin na Amurka suka haɗa kai suka nuna wasan neman taimako ga mutanen Haiti bayan girgizar ƙasa, aka tara wajen dala miliyan 60. Ke nan al'adar tara kuɗi ta hanyar waƙa da allo tana da rai a lokacin. Sai dai babu daren da tashoshin Najeriya suka haɗu domin yaran Dareta da 'Yargalma. Dalilin haka yana ɓoye cikin tarihin irin wannan wasa, da kuma abin da yake motsa mai kallo har ya sa hannu a aljihu.

Bahaushe ya san wannan dabara tun kafin zuwan lantarki, yana kiran ta ajo. Idan gobara ta cinye wa mutum rumbu, ko ɓarayi suka kore masa shanu, ko wata hidima ta fi ƙarfinsa, sai a sa rana a kira makaɗa. Jama'a su taru a dandali, a shimfiɗa tabarma, sanƙira ya riƙa shelar sunan duk wanda ya bayar da adadin abin da ya bayar. Kiɗa yana tattaro mutane, shela kuma tana tsokano kunya da gasa. Ƙasar Zamfara, wadda ta fitar da Narambaɗa da Ɗankwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi, ba baƙuwa ba ce ga ikon da murya take da shi a kan aljihu. Amma abin da ya riƙe ajo shi ne kusanci. Wanda ya bayar ya san wanda aka yi wa, kuɗin a nan take ake ƙirga su a gaban kowa, kuma gobe da safe zai wuce ta ƙofar gidan ya ga ko an ɗora jinka a sabon rumbu. Ga shi kuma biki bashi ne, wanda ya bayar yau yana sa ran ranarsa.

Talabijin ta ɗauki kiɗan da shelar, ta bar kusancin. Babban misali shi ne Live Aid, wanda Bob Geldof da Midge Ure suka shirya ranar 13 ga Yulin 1985 a filin Wembley na Landan da wani filin a Filadelfiya, domin yunwar Habasha. Asalinsa rahoton da Michael Buerk ya aiko wa BBC daga Korem a watan Oktoban 1984, da hotunan da Mohamed Amin, ɗan ƙasar Kenya, ya ɗauka. An yi kimanin awa 16 ana wasa, an kuma ƙiyasta cewa fiye da mutum biliyan ɗaya sun kalla. Abin lura shi ne lokacin da gudummawa ta fi kwarara. David Bowie ya rage waƙa guda daga nasa kason domin a nuna wani gajeren fim na gidan talabijin ɗin Kanada, mai ɗauke da fuskokin yaran da yunwa ta kusa kashewa, ciki har da wata yarinya mai suna Birhan Woldu. Bayan wannan fim ne wayoyin karɓar gudummawa suka ɗauki ruri. Manyan mawaƙa sun riƙe mutane a gaban allo, amma fuskar yarinya ce ta sa suka ɗaga waya.

Da hawaye suka bushe, sai tambayoyi suka biyo. Wasu suka ce an yi wasan ceto Afirka amma da kyar ake ganin mawaƙin Afirka a dandalin, ƙorafin da ya sake tasowa da ƙarfi a wasan Live 8 na 2005. Wasu suka ce an nuna yunwar kamar fari ne kawai ya kawo ta, alhali gwamnatin Mengistu tana yaƙi a Tigray da Eritiriya, tana kuma kwashe mutane da ƙarfin tsiya daga arewa zuwa kudu. Ƙungiyar likitoci ta Na-gari Na-kowa, wato MSF, ta fito fili ta soki wannan kwasa, gwamnatin Habasha ta kore ta daga ƙasar a watan Disambar 1985. Ita ce kuma ƙungiyar da za ta gano bala'in Zamfara bayan shekara 25.

Amurkawa sun yi nasu bayan harin 11 ga Satumbar 2001. Kwana goma da harin, tashoshi fiye da 30 suka nuna shiri ɗaya a lokaci guda, babu 'yan kallo a zauren, babu tafi, babu talla, sai kyandirori. Taurarin fim ne suka zauna suna amsa waya. Muhammad Ali, jikinsa na rawa saboda ciwo, ya tsaya ya shaida wa jama'a cewa addininsa bai yarda da kisan bayin Allah ba, a makon da Musulmin Amurka ke tsoron fita. An tara sama da dala miliyan 200. Amma kafin wata biyu masu bayarwa suka fusata da ƙungiyar agaji ta Red Cross, wadda ta buɗe nata asusun daban, da suka ji tana shirin ajiye wani kaso domin wasu buƙatun gaba, har shugabarta Bernadine Healy ta sauka. Mai kallo da ya bayar saboda fuskar da ya gani yana son kuɗinsa ya je ga wannan fuskar, tamkar mai halartar ajo.

A nan bala'in Zamfara ya sha bamban. Girgizar ƙasa da faɗuwar bene suna da rana da sa'a, suna da hoton da za a maimaita. Gubar dalma ƙura ce. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 farashin zinariya ya yi ta hawa, har oza ɗaya ya haura dala 1,200 a 2010. Manoman da gero da dawa ba sa kai su ƙarshen shekara suka koma haƙar dutse. Dutsen da suka samu a wannan yanki yana ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo shi cikin gari a fasa, a niƙa a irin injin da ake niƙa hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida, inda mata suke taya aiki ba tare da sun fita ba, yara kuma suna rarrafe suna kai hannu baki. Mutanen ƙauyukan sun lura agwagi sun fara ƙarewa kafin yara su fara suma da farfaɗiya. A watan Maris na 2010 ma'aikatan MSF da ke sa ido kan sanƙarau suka tarar da sababbin ƙananan kaburbura da yawa, da yaran da maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu komai ba, sai da aka aika jini Turai aka gano dalma ce.

Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi a Dareta da 'Yargalma ya nuna yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Cikin waɗanda aka gwada, 97 bisa ɗari suna da dalma a jini da ta kai ma'aunin 45, inda likita ke fara ba da maganin fitar da guba, kuma da yawansu sun wuce 65, iyakar abin da na'urar tafi-da-gidanka take iya karantawa. A wasu wurare ƙasar tsakar gida ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ƙa'idar Amurka a lokacin 400 ce. Jimillar yaran da suka mutu ta kai 400 a ƙiyasin da aka fi ambata.

Akwai kuma wani abu mai nauyin faɗa. Wasu iyaye sun ɓoye mutuwar 'ya'yansu saboda tsoron kada gwamnati ta hana haƙar da suke ci da ita. Wasan neman taimako yana son wanda bala'i ya faɗo wa daga sama, ba shi da hannu a ciki. Uban da shi ya ɗauko buhun dutsen ya shigo da shi gida, ba don ya san abin da ke ciki ba sai don ya ciyar da iyali, bai dace da wannan hoto ba, kuma shi kansa ba ya son a ɗauke shi.

Aikin ceton ma ba mai kyan kallo ba ne. Maganin da ake bayarwa yana kama dalma ya fitar da ita ta fitsari, amma banza ne idan yaro zai koma kan ƙurar da ta sa masa ciwo. Dole sai an fara kankare saman ƙasar kowane gida, a kwashe, a binne a rami, a zubo sabuwa. Da taimakon kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith da gwamnatin jiha, an share ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011: Dareta, 'Yargalma, Abare, Tungar Guru, Sunke, Tungar Daji da Duza. Bagega, wadda ta fi su girma kuma take da babbar ma'aikatar niƙa, aka bar ta, da yara wajen 1,500 da ba za a iya fara yi musu magani ba.

Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850. A watan Mayun 2012 aka yi taron ƙasa da ƙasa a Abuja kan lamarin, MSF ta koka cewa ministocin da abin ya shafa ba su halarta ba. Damina ta zo ta wuce babu kuɗi. A cikin wannan daminar ce ambaliya ta ci kwarin Neja da Binuwai, ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu, a lissafin hukumar NEMA. Wannan bala'i ne mai hoto: rufin gidaje a cikin ruwa a Lakwaja, motoci sun yi cirko-cirko a hanyar Abuja. A watan Oktoba Shugaba Goodluck Jonathan ya yi wa ƙasa jawabi ya sanar da naira biliyan 17.6, ya kafa kwamiti ƙarƙashin Aliko Ɗangote da Olisa Agbakoba, a Nuwamba kuma aka yi liyafar tara kuɗi a fadar shugaban ƙasa, aka shelanta alkawuran da suka haura naira biliyan 11. Wannan shi ne ajon zamani irin na Najeriya, ƙaddamar da gidauniya: sanƙira yana nan da lasifikarsa, ana kiran suna ana tafi, sai dai abin da ake ajiyewa a kan tabarma alkawari ne. Bayan watanni kwamitin yana ta bin waɗanda suka sha tafi ba su biya ba. Mutanen Najeriya sun koyi kallon irin wannan taro da ido ɗaya a kanne, kuma ba za a ga laifinsu ba.

Abin da Bagega ke jira bai kai kashi ɗaya cikin goma na alkawuran daren nan ba. Waɗanda suka matsa har aka sake shi 'yan kallo ne na wani allon daban, ƙarami. Wasu matasa, ciki har da Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka kafa shirin bin diddigin kuɗin gwamnati mai suna Follow The Money, suka je Bagega suka ɗauko hotuna da muryoyi. Ƙungiyar Human Rights Watch, wadda ta riga ta fitar da rahoto da bidiyo kan lamarin, ta haɗa kai da matasa masu fafutukar muhalli aka nemi jama'a su cika shafin Facebook na shugaban ƙasa da tambaya ɗaya. Ba a roƙi kowa ko kwabo ba. An nemi mutane su tambayi inda kuɗin da aka riga aka yi alkawari suka maƙale. A ƙarshen Janairun 2013 aka saki kuɗin, aka fara kankare ƙasa, a watan Afrilu MSF ta fara ba yaran Bagega magani, shekara uku bayan gano cutar. Dalmar da ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa, kuma akwai yaran da suka rayu da makanta ko shanyewar jiki.

MSF ta ci gaba da aikin har farkon 2022, sannan ta miƙa shi ga gwamnatin jiha, a lokacin da 'yan bindiga suka sa zuwa yawancin ƙauyukan ya zama kasada.

Gummi ta ga irin wannan rabon ido a 2024. A watan Agusta ruwa ya rushe dubban gidaje a garin. Ranar 10 ga Satumba madatsar Alau ta ɓalle, Maiduguri ta nutse, hotunan suka zagaya kowace waya, gwamnoni da attajirai suka yi jerin gwano zuwa gidan gwamnatin Borno da gudummawar biliyoyin naira, ana karanta sunayensu a labaran dare. Kwana huɗu bayan haka kwalekwale ya kife a kusa da Gummi da manoma masu tsallaka ruwa zuwa gonakinsu, gomman mutane suka halaka. Masunta da masu iyo na garin ne suka shiga ruwa neman gawarwaki.