Hannu ne Sarki ko Murya? Matsayin Maganar Hannu a Wasan Kwaikwayon Kurame na Amurka, 1967 zuwa 2015

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi yadda aka riƙa raba aiki tsakanin hannu da murya a wasannin kwaikwayon kurame na Amurka, tun daga kafuwar National Theatre of the Deaf a 1967 har zuwa wasan Spring Awakening da ƙungiyar Deaf West ta kai Broadway a 2015. Ra'ayin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, yawan kurame a kan dandamali bai isa ya mayar da wasa nasu ba. Abin dubawa shi ne harshen da aka gina wasan a kansa, da kuma idon da aka shirya wasan dominsa. Daga nan aka waiwayi maganar hannu ta ƙasar Hausa, wadda ke zaune kafaɗa da kafaɗa da wani harshen hannu mai asali daga Amurka.

Gabatarwa

A fada, sarki yakan yi magana ƙasa-ƙasa, sanƙira ya ɗaga murya ya isar da ita ga jama'a. Duk ƙarfin muryar sanƙira, babu wanda yake ruɗewa game da mai maganar. Wasan kwaikwayon kurame ma yana da sarki da sanƙira: ɗan wasa yana magana da hannu, wani mai ji yana faɗin abin da baki domin 'yan kallon da ba su san harshen ba. Tambayar da wannan nazari ya sa a gaba ita ce, a cikin biyun wane ne sarki? Amsar ta riƙa sauyawa daga wasa zuwa wasa.

An dogara ga rubutattun wasannin da kuma ayyukan Carol Padden da Tom Humphries, kurame biyu masana harshe da al'ada, musamman littattafansu na 1988 da 2005. An yi amfani da kalmar kurma, jam'i kurame, aka bar bebe, domin mutanen da ake magana a kansu suna da harshe, sauti ne kawai babu a cikinsa.

Harshen da aka kora daga aji

A 1880 malaman kurame suka yi babban taro a birnin Milan na Italiya, suka yanke cewa koyar da kurma furuci da karanta leɓe ya fi koyar da shi da hannu. Kusan duk masu jefa ƙuri'ar masu ji ne. Bayan taron makarantu da dama a Turai da Amurka suka haramta maganar hannu a aji, malamai kurame suka rasa aiki. Harshen bai mutu ba. Ya koma ɗakunan kwanan ɗalibai da kulob-kulob na kurame, inda ake haɗuwa da yamma a yi hira, a ba da labari, a shirya wasanni. Padden da Humphries sun nuna cewa a irin waɗannan wasannin, idan ma an tanadi mai faɗi da baki, gefe guda ake ajiye shi, ba a damu ko ya bi wasan daidai ba. 'Yan kallo kurame ne, su ake yi domin su.

A 1960 William Stokoe, malamin Ingilishi a Kwalejin Gallaudet da ke Washington, ya wallafa nazarin da ya nuna cewa maganar hannu ta Amurka, wadda aka fi sani da ASL, cikakken harshe ce mai nahawun kanta. Ya nuna kowace kalma tana da gaɓoɓi uku: siffar hannu, wurin da aka ajiye shi, da motsinsa. Daga baya masana suka ƙara inda tafin hannu yake fuskanta, suka kuma gane cewa fuska ma nahawu ce. Ɗaga gira na iya mayar da zance tambaya, kamar yadda karin sauti yake yi a Hausa.

Dandamalin ƙasa da farashinsa

Shekara bakwai bayan Stokoe aka kafa National Theatre of the Deaf a cibiyar Eugene O'Neill da ke Waterford, jihar Connecticut. David Hays, mai ji kuma gwanin tsara dandamali a Broadway, shi ya jagoranta, tare da Bernard Bragg, kurma ɗan kurame wanda ya koyi wasan kwaikwayo marar magana wurin Marcel Marceau. Kuɗin farko daga gwamnatin tarayya ya fito, ta hannun sashen da ke samar wa naƙasassu sana'a. Wannan asali yana da muhimmanci, domin mai ba da kuɗin yana son masu ji su ga kurame cikin daraja. Saboda haka masu ji su ne aka yi wa shimfiɗa, su ne kuma suka fi cika kujeru.

Sai sanƙira ya baro gefe ya hau dandamali. Masu faɗi da baki suka sa tufafin wasa, suka shiga cikin 'yan wasa. Yawancin wasannin farko fassara ce daga adabin masu ji, rubutun Ingilishi shi ne tushe, hannu kuma yana ƙoƙarin tafiya daidai da tsawon jimlar da ake furtawa. Aka ƙawata alamomin, aka faɗaɗa su har suka kusa zama rawa. Masu ji suka yi ta yabon kyawun abin, kamfanin ya zaga duniya, ya samu lambar Tony ta musamman a 1977. Kurame da yawa kuwa sun yi ƙorafin cewa ba sa gane abin da ake faɗa. Wannan ƙorafi bai kamata a raina shi ba. Ka ɗauka an shirya wasa da Hausa, amma an jera kalmomin bisa tsarin wani harshe, ana rera su da lanƙwasa domin su yi wa baƙo daɗin ji. Baƙon zai tafa, Bahaushe zai tambayi na kusa da shi me aka ce.

Duk da haka, a cikin kamfanin ne aka fara juya akalar. A 1971 'yan wasan suka haɗa My Third Eye daga abin da ya faru da su a rayuwa. Akwai wani sashe da aka tsara kamar rumfar nuna abubuwan al'ajabi, inda ake baje kolin masu ji a gaban 'yan kallo a matsayin wasu halittu na daban, masu motsa baki ba hutawa. Wanda aka saba kallo ya zama mai kallo. A 1973 Gilbert Eastman ya gabatar da Sign Me Alice a Gallaudet, ya ari ƙashin labarin Pygmalion, ya sa wani malami yana ƙoƙarin raba wata yarinya da ASL ya koya mata alamomin da aka ƙera domin su bi tsarin Ingilishi. Rikicin wasan shi ne rikicin harshen kansa.

Abin da hannu yake iyawa

A nan ya kamata a ɗan tsaya, domin masu ji sukan zaci maganar hannu inuwar magana ce kawai. A ɗauki mai ba da labarin maharbi da barewa. Ya karkata kafaɗa dama, ya runtse ido ɗaya, ya zama maharbi. Ya juya hagu, ya ɗaga haɓa, ya buɗe hanci yana shaƙar iska, ya zama barewa. Ba ya bukatar cewa wane ya yi kaza, jiki ya riga ya faɗa. Sai ya miƙa yatsa ɗaya can nesa yana tafiya a hankali, maharbin ke nan kamar an hango shi daga kan tudu. Nan take ya dawo da fuskarsa ta zama fuskar maharbin, gumi na gangarowa. Abin da kyamara take yi da nesa da kusa, mutum ɗaya ya yi shi a tsaye wuri guda. Bragg ne ya shahara da bunƙasa wannan salo. Mai faɗi da baki ba ya iya binsa, domin hannu da fuska suna faɗin abu biyu ko uku a lokaci ɗaya, baki kuwa sai ya jera kalma bayan kalma.

Waƙa ma haka. Clayton Valli, mawaƙi kurma kuma masanin harshe, ya nuna cewa waƙar ASL tana da amsa-amo: a maimaita siffar hannu ɗaya a kalmomi daban-daban, ko hanyar motsi ɗaya, ko wuri ɗaya a gaban jiki. Wanda ya san yadda marubucin waƙar Hausa yake riƙe harafi ɗaya a ƙarshen baitoci tun daga farko har ƙarshe zai gane dabarar. Idan aka fassara irin wannan waƙa zuwa murya, ma'ana takan tsira, amsa-amon ya zube a hanya.

Deaf West: sanƙira a fili

Ed Waterstreet, kurma kuma tsohon ɗan wasan National Theatre of the Deaf, ya kafa Deaf West a Los Angeles a 1991. Abin mamaki, da wasannin kiɗa da waƙa ƙungiyar ta yi suna. A Big River, wanda aka gina kan labarin Huckleberry Finn na Mark Twain kuma ya hau Broadway a 2003, Tyrone Giordano, kurma, shi ne Huck. Muryarsa kuwa aka ba ɗan wasan da ke fitowa a matsayin Twain. Dabarar ta yi daidai da hankali: marubuci ne yake ba yaronsa murya, kowa yana gani, ba a ɓoye ba. Mahaifin Huck mutum biyu suka fito a matsayinsa, kurma da mai ji. Kurman shi ne Troy Kotsur, wanda ya ci lambar Oscar a 2022 da fim ɗin CODA.

Wurin da aka fi tunawa shi ne kusa da ƙarshe. Ana cikin waƙa, kiɗa ya ɗauke, muryoyi suka ɗauke, hannuwan 'yan wasa duka suka ci gaba da baitin cikin shiru. Ga kurma babu abin da ya sauya, waƙa tana tafiya. Mai ji ne aka bari da idonsa kaɗai. A ganina nan ne aka nuna ƙarara wanda yake sarki, sai dai a lura, darasin ma mai ji aka shirya wa.

Spring Awakening na 2015, wanda Michael Arden ya ba da umarni, ya fi shiga tarihi kai tsaye. Asalin wasan na Frank Wedekind ne, a Jamus ta 1891, shekara goma sha ɗaya bayan Milan. Arden ya mayar da wasu daga cikin ɗaliban kurame. Da malami ya tilasta wa ɗaya daga cikinsu, Moritz, wanda Daniel Durant ya fito a matsayinsa, ya karanto Latin da baki, hukuncin Milan ne ake gani a cikin aji. Iyayen da suka kasa yi wa 'ya'yansu bayanin balaga suka zama iyayen da ba su da harshe ɗaya da 'ya'yansu. Kurumta ta shiga ƙashin labarin. Amma akwai iyakar da wasan bai tsallake ba: kiɗa ne ke riƙe da lokaci. Ɗan wasa kurma yana ɗaukar alamar shiga daga hasken fitila ko taɓawar abokin wasa, hannunsa kuma dole ya ƙare inda kiɗan ya ƙare. Rubutun ma na masu ji ne tun asali.

Waiwaye zuwa Kano

Alaƙar wannan tarihi da ƙasarmu ta zo ne ta hannun Andrew Foster, baƙar fata na farko da ya samu digiri a Gallaudet. Ya buɗe makarantar kurame a Accra a 1957, da wata a Ibadan a 1960, ya kuma zo da alamomin Amurka. Daga nan harshen hannu na makarantun Nijeriya ya samo tushe. Amma kuramen ƙasar Hausa suna da nasu tun kafin zuwansa. Constanze Schmaling, wadda ta zauna da kuramen Kano, ta wallafa cikakken bayanin wannan harshe a 2000 da sunan da masu shi suke kiransa, Maganar Hannu. Ba daga ASL ya fito ba, ba kuma Hausa ce da aka mayar hannu ba. A kasuwa da majalisa ake koyonsa, masu ji da dama ma suna taɓa shi. Makarantar Tudun Maliki, wadda aka buɗe a 1977, ta zama ɗaya daga wuraren da harsunan biyu suke cuɗanya.

Saboda haka duk mai son shirya wasan kurame a Kano zai tarar da rabon aikin ya fi na Amurka sarƙaƙiya. Can hannu ɗaya ne da murya ɗaya. Nan hannu biyu ne: na makaranta, mai takardar shaida da tafintoci a talabijin, da na gari, wanda dattijon kurma da bai shiga aji ba yake ba da labari da shi. Idan aka ɗauki na makaranta, dattijon zai zauna a cikin 'yan kallo kamar kuramen da suka kalli wasannin farko na Waterford. Idan aka ɗauki na gari, sai an nemo sanƙiran da ya iya shi, kuma a kwalejojin horar da tafintoci na makarantar ake koyarwa.