Daga Hayaƙin Ganye Zuwa Fiya-Fiya

A zamanin kakanninmu, idan damina ta kankama, sauro ya addabi jama'a, uwar gida kan zuba garwashi a kasko bayan magariba, ta ɗora ganye mai ƙarfin ƙamshi, hayaƙi ya turnuƙe ɗaki, sannan a kwanta. Da sinadarin dikulobos ya shiga kasuwannin duniya wajen 1961, domin kare amfanin gona, sai sannu a hankali ya kutsa ɗakunan kwananmu da sunan fiya-fiya. Wanda kuwa ya shaƙe shi fiye da kima, amai da dalalar miyau da sarƙewar numfashi kan afka masa nan take. Saboda yadda ake amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba, har wasu na shan sa don kashe kansu, hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta haramta ƙananan kwalabensa a 2019. Jama'a, rai amana ce, mu rungumi gidan sauro.