Shanun Birnin Kudu da Masu Gyaran Hoto

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami na rubuto wa wannan mujalla tamu shi ne wata gardama da ta daɗe tana tashi tsakanin ɗalibai, watau ko ya dace mutum ya ɗauki hoto da wayarsa, ya bi shi da abin nan da ake kira filta ya sake masa launi, sannan ya nuna wa mutane ya ce ga abin da ya gani. Wasu sun ce ƙarya ce tsagwaronta, wasu kuwa sun ce ado ne kurum, kamar kwalli a ido. Ni ɗalibin tarihi ne, saboda haka ta hanyar tarihi zan bi maganar. Da yake kuma ni mutumin Gwaram ne, ba sai na je nesa neman misali ba, ga shi nan a maƙwabta, cikin duwatsun Birnin Kudu.

Duk wanda ya san Birnin Kudu ya san gari ne mai duwatsu. A cikin kogunan wasu daga cikinsu, kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, akwai zane-zanen da mutanen da suka yi a jikin dutse, galibinsu da jan launi, kuma yawancin abin da aka zana shanu ne. Mutanen gari sun san da su tun kaka da kakanni, amma labarinsu bai shiga littattafan masana ba sai a tsakiyar shekarun 1950, lokacin da Bernard Fagg, Baturen nan da ya kafa gidan tarihi na Jos wanda aka buɗe a 1952, ya zo ya duba su. A nan ne kuma a 1955 ya ga duwatsun nan masu amo, waɗanda in an buge su da ɗan dutse sai su yi ƙara kamar kuge, ya rubuta labarinsu a 1956. Yanzu wuraren suna cikin jerin kayan tarihi da Gwamnatin Tarayya ta ce a kiyaye. Akwai ire-irensu a Shira da Geji cikin Jihar Bauci.

To, ga inda gizo yake saƙa. Shanun da ke jikin dutsen nan ba su da tozo. Malam mai karatu, ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Je ka kowace kasuwar shanu a ƙasarmu, ko ka tsaya bakin burtali ka ga Fulani suna wucewa da garke, Bunaji ne ko Rahaji ko Bokolo, kowace saniya da tozonta. Shanu marasa tozo a yau sai muturu, 'yan gajerun nan na kudu da wasu tsaunukan tsakiyar Nijeriya, sai Kuri masu manyan ƙahoni na Tafkin Chadi, sai kuma N'Dama na can wajen ƙasar Gini. Masana sun tabbatar cewa marasa tozo su suka riga zama a Afirka ta Yamma, masu tozo daga baya suka yaɗu. Ashe ke nan wanda ya yi zanen nan ya bar mana shaida a kan irin dabbar da ake kiwo a ƙasar nan a zamaninsa, kuma shaidar duk tana kan layi guda ɗaya, layin gadon bayan saniya, daga wuya zuwa wutsiya. In layin nan ya karkace a hoto, an rasa abin da aka je nema.

Bayan hutun da ya wuce wasu 'yan'uwa ɗalibai da suka kai ziyara wurin suka turo mini hotunan da suka ɗauka, wai in duba musu tunda ni ɗan yankin ne. Na duba, kuma zan faɗi ra'ayina ba tare da ambaton sunan kowa ba. Kashi mafi yawa hoton mutane ne, ba na zane ba: ga saurayi ya cika fuskar hoton yana murmushi, saniyar da aka je dominta tana leƙowa ta bayan kunnensa. Wannan ba laifi ba ne in don tunawa aka yi, amma ba ya amfanin mai nazari. Wasu an ɗauke su da tsakar rana, bakin kogon ya yi fari fat, cikinsa ya yi baƙi ƙirin. Wasu an kunna fitilar waya, hasken ya bugi dutse ya dawo, ya wanke jan launin. Babu wanda ya ajiye rula ko wani ma'auni kusa da zanen, saboda haka ba ka iya sanin ko saniyar ta kai taƙi guda ko kamu uku. Ba a rubuta sunan dutse ba, balle rana. Ga shi kuma ta WhatsApp aka turo su, shi kuwa in ba a matsayin takarda ka aika hoto ba, sai ya matse shi ya rage masa kyau, ya kuma goge bayanin ranar ɗauka da wayar ta liƙa masa.

Amma waɗanda suka fi tayar mini da hankali su ne waɗanda suka fi kyau. An bi su da filta an ƙara wa ja ƙarfi, zanen ya fito jawur kamar jiya aka shafa shi. Matsalar ita ce filta ba ta san fenti ba, launi kawai ta sani. Jikin dutse kuwa yana da nasa jan: ga tsatsa, ga sawun ruwan da ya shekara ɗaruruwa yana gangarowa. Duk sai suka tashi tare da zanen. A hoto ɗaya wani tabo da ke bisa kafaɗar saniya ya haɗe da jikinta, sai ga ta da tozo sak na Bunaji! Wanda ya ɗauka bai yi niyyar yaudarar kowa ba, amma da an buga hoton nan a littafi da ya ƙaryata dutsen da aka ɗauko shi.

Kada ɗalibai su zaci zamaninsu ne ya kawo wannan. Gyaran hoto ya girmi waya, har ma ya riga kyamara isowa ƙasar Hausa. A watan Fabrairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya hau Dutsen Dala ya zana birnin Kano da hannunsa. Hoton Kano da aka buga cikin littafinsa mai juzu'i biyar a 1857 da 1858, wanda har gobe ake sawa a littattafan tarihi, ba hannunsa kaɗai ne ya yi shi ba. Wani mai zane ne a ƙasar Jamus, Martin Bernatz, ya karɓi zanen ya ƙawata shi, ya sa masa haske da inuwa da launi, alhali bai taɓa taka Kano ba. Watau tsohon hoton Kano da muka fi alfahari da shi ya bi ta rariyar wani mutum tun kafin ya iso gare mu.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, baƙi 'yan kudu suka cika Sabon Gari, a cikinsu har da masu sana'ar hoto, kuma shekaru da yawa sana'ar a hannunsu ta fi yawa. Su ma suna da nasu gyaran. Mai hoto yakan ɗauki dodon hoto, ya ɗora shi a kan haske, ya bi fuskar da fensir mai tsini. Da yake dodo kishiyar hoto ne, duk inda aka ƙara masa duhu sai ya fito da haske idan an wanke. Haka ake share ƙuraje da tamoji, haka kuma ake haskaka fata. Kafin fim mai launi ya wadata, da ɗan burushi ake shafa wa hoto launi, a ba hula ja, a ba zane shuɗi. A gidanmu akwai hoton wani kakanmu da aka yi wa irin wannan aiki, kuma tsofaffi sukan yi dariya su ce zanen fuskarsa, wanda da shi ake gane asalinsa, mai hoto ya share rabinsa don ya zaci tabo ne. Kun ga tozon saniya, kun ga zanen fuska: abin da mai gyara ya ɗauka aibi ne, shi ne ɗalibin tarihi yake nema.

Fim mai launin ma da ya zo, da son kansa ya zo. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yake raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, don su daidaita injinsu da launin fatarta. Abin da ya biyo baya iyayenmu sun san shi: a ɗauki baƙin mutum cikin farar riga, rigar ta fito tas, fuskar ta nutse, sai ido da haƙori. Sai a shekarun 1990 kamfanin ya fito da kati mai mata masu launin fata iri-iri. Saboda haka lokacin da Photoshop ya fito a 1990, da Instagram a 2010 da filtocinsa na taɓa-ka-gani, da Snapchat da ya shiga sake wa mutane fuska a 2015, tsohuwar sana'a ce aka ɗauke daga hannun ƙwararre aka ba kowa. Ni kam in na ga 'yar'uwarmu baƙa kyakkyawa ta koma fara sol a waya, fensirin Sabon Gari nake tunawa. Amma wannan magana ce ta wata rana.

Mu koma jikin dutse. Masu binciken zanen dutse na da su ma sun yi ta neman hanyar da za su sa zane ya fito, kuma hanyarsu ta fi filta muni, domin dutsen kansa suke taɓawa. Wasu sukan bi layin zane da alli, wasu su jiƙa shi da ruwa. A 1956 wani Bafaranshe, Henri Lhote, ya ja tawagar masu zane zuwa tsaunukan Tassili a kudancin Aljeriya, inda dubban zane-zane suke, har da na shanu. Da soso da ruwa suka riƙa goge su don launi ya tashi su kwafa, kuma masana na baya sun ce wannan ya cuci zanen ƙwarai. Abin bai tsaya nan ba. A cikin kwafin da aka baje a Faris har da wasu mata masu kan tsuntsu irin na Misira, aka yi ta gina bayani a kansu, daga baya ta bayyana wasu 'yan tawagar ne suka ƙaga su don wasa. Saboda haka in kun je Birnin Kudu kuka ga wani zai watsa wa zane ruwan leda don hotonsa ya yi kyau, ku riƙe masa hannu. Hoto in ya lalace a sake wani, fentin nan in ya tafi ya tafi ke nan.

Duk da haka ban ce a jefar da filta ba, domin akwai wadda masana suke amfani da ita. A 2005 wani Ba'amurke mai suna Jon Harman ya fito da wata manhaja da ake kira DStretch, musamman don zanen dutse. Dabarar daga masu nazarin hotunan tauraron ɗan Adam na hukumar NASA ya aro ta. Yadda take aiki shi ne: a hoton zanen da ya koɗe, jan fenti da jan dutse sun yi kusa da juna har ido ba ya raba su, amma a lissafin kwamfuta akwai ɗan bambanci tsakaninsu. Sai manhajar ta buɗa wannan ɗan bambanci ta faɗaɗa shi. Hoton da ke fitowa ba shi da kyan gani ko kaɗan, dutse ya koma kore ko ruwan ɗorawa, zane ya koma wani irin ja mai ɗaukar ido, kuma wannan munin shi ne amfaninsa, don ba wanda zai gan shi ya zaci haka wurin yake. Ita ma takan tayar da tsatsa tare da fenti, shi ya sa masu aiki da ita suke buga hoton asali kusa da wanda aka gyara, su faɗi irin gyaran da suka yi, yadda wani zai iya maimaitawa ya ga ko zai sami abin da suka samu.

Wadda nake tsoro ita ce sabuwar da ke cikin wayoyin yanzu, mai aiki da ƙirƙirarriyar basira. Ita an koya mata miliyoyin hotuna, in ta tarar da wuri ya dushe sai ta cike shi da abin da ta saba gani. A 2023 wani mutum ya dusar da hoton wata a fuskar kwamfutarsa da gangan, ya ɗauke shi da wayar Samsung daga nesa, sai ga wata ya fito da ramukansa da tabbansa waɗanda babu su a abin da wayar ta kalla. To, in waya ta iya yi wa wata haka, me zai hana ta gyara wa saniyar Dutsen Habude gadon baya yadda ta ga dama? Kuma sau da yawa tun kafin ka buɗe hoton an riga an yi gyaran, ba a tambaye ka ba.

Daga cikin hotunan da aka turo mini, guda uku na ware na ajiye. Wata ɗaliba ce ta ɗauke su da sassafe, ba fitila, ba filta. Sun ɗan dushe, ɗaya ma ya karkace, amma ta tsaya daidai gaban zanen, ta kuma sa ƙawarta ta riƙe biro kusa da shi ba tare da ya taɓa dutsen ba, saboda haka ana iya kimanta girmansa. Na roƙe ta ta sake turo su a matsayin takarda, na bi ɗaya da DStretch. Ƙafar baya da ido bai gani ba ta fito, ƙahonin suka fito dogaye, bayan kuwa ya miƙe sumul tun daga wuya har gindin wutsiya.