The Corrs da Masoyansu: Daga Kiɗan Gargajiyar Ireland Zuwa Pop

The Corrs ƙungiyar mawaƙa ce ta 'yan gida ɗaya daga garin Dundalk a ƙasar Ireland: Jim, Sharon, Caroline da autarsu Andrea. Ta kafu a 1990, lokacin da suka je gwajin neman shiga fim ɗin The Commitments, inda John Hughes ya gan su ya zama manajansu. Sharon ce ke riƙe da goge irin na Turawa, Caroline tana kan ganguna, har da gangar nan mai fuska ɗaya da ake kira bodhrán, Andrea tana rera waƙa tana busa 'yar sarewar ƙarfe, Jim kuma yana kan gita da fiyano. Cikin shekara goma suka tashi daga ƙananan wuraren kiɗa na garinsu zuwa sahun gaba a kasuwar waƙa ta Turai, kuma a kan hanyar ne saɓani ya shiga tsakanin masu sauraronsu.

Kundinsu na farko, Forgiven, Not Forgotten, ya fito a 1995 a hannun furodusa David Foster. Abin da ya ja hankalin mutane shi ne yadda aka saƙa kaɗe-kaɗen gargajiya zalla, marasa baiti, a tsakanin waƙoƙin soyayya. Guda shida ne a kundin, ciki har da "Toss the Feathers", tsohon kiɗan rawa da suka ɗora a kan gangunan rock. Kundin ya samu karɓuwa a Ireland da Ostiraliya da Sifaniya kafin Birtaniya ta waiwaye su. Waɗanda suka kama ƙungiyar tun daga wannan lokaci su ne daga baya suka zama masu ƙorafi, don a ganinsu goge da sarewa su ne The Corrs.

Sauyin bai zo rana ɗaya ba. Talk on Corners na 1997 ya rage kiɗan gargajiya zuwa guda ɗaya, "Paddy McCarthy", kuma da fari bai yi wani tashe a Birtaniya ba. Abubuwa biyu suka juya lamarin a 1998. BBC ta watsa wasansu na ranar Saint Patrick daga zauren Royal Albert a Landan, inda Mick Fleetwood ya hau dandali ya kaɗa ganga tare da su. Sannan aka miƙa waƙoƙinsu ga masu haɗa kiɗan gidajen rawa: Todd Terry ya sake sarrafa "Dreams", Tin Tin Out suka taɓa "What Can I Do", K-Klass suka taɓa "So Young". Da wannan sabon salo kundin ya zama wanda aka fi saya a Birtaniya a 1998. Wanda ya san waƙoƙin a kamanninsu na asali sai ya ji su a rediyo da bugun na'ura a ƙarƙashinsu, gogen ya koma can baya. Gunaguni daga nan ya fara.

Kundin In Blue na shekarar 2000 shi ne ya raba kan jama'a sosai. Sun haɗa gwiwa da Robert "Mutt" Lange, mutumin da ya tsara wa Shania Twain waƙoƙinta masu cin kasuwa, kuma "Breathless" ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, ta buɗe musu ƙofar rediyon Amurka. Sababbin masoya suka kwararo, akasarinsu ba su taɓa jin kundin farko ba. Tsofaffin kuma suka ce an sayar da gado don a shiga kasuwa. Hujjarsu ta kunne ce: Sharon na nan a hoto riƙe da goge, amma a yawancin waƙoƙin sai ka kasa kunne da kyau kafin ka tsinto shi. "Rebel Heart" kaɗai ta rage marar baiti, ita ma an tsara ta ne don wani wasan kwaikwayo na BBC.

Ƙorafin yana da gaskiyarsa, sai dai ya manta da mafari. The Corrs ba su taso a matsayin makaɗan gargajiya irin The Chieftains ba. Iyayensu, Gerry da Jean, suna da ƙungiya mai suna Sound Affair da ke rera waƙoƙin ABBA da Eagles a mashayun Dundalk, kuma da wannan kiɗa yaran suka buɗe ido. Shi kansa David Foster ai gogan pop ne, wanda ya yi aiki da Whitney Houston da Celine Dion. Tun asali ƙungiyar ƙafa ɗaya take da ita a kowane ɓangare, masoyan farko ne suka zaɓi ƙafar da suke so su gani. Akwai kuma abin da ba a cika sa wa a lissafi ba: Jean ta rasu a watan Nuwamban 1999, ana tsakiyar aikin In Blue, kuma a cikin wannan kundi da ake yi wa kallon mai sheƙi akwai "No More Cry", wadda aka rubuta saboda rashinta.

A kan dandali kuwa rigimar ba ta da wurin zama. Ko a lokacin da pop ya fi rinjaye, Caroline takan bar kujerar ganguna ta dawo gaba da bodhrán a cinya, a yi zangon kiɗan gargajiya, kuma "Toss the Feathers" ta daɗe tana zama abin rufe taro. Shi ya sa da yawa daga masu ƙorafin suka fi riƙe faifan MTV Unplugged na 1999 fiye da na situdiyo.

Bayan Borrowed Heaven na 2004, wanda shi ma pop ne, sai ga Home a 2005: tsofaffin waƙoƙi, mafi yawansu daga littafin da mahaifiyarsu ta rubuta da hannunta, biyu da harshen Irish, tare da ƙungiyar makaɗa ta BBC. Kusan abin da aka daɗe ana roƙo ke nan. Amma cinikinsa bai kama ƙafar na In Blue ba, abin da ya nuna cewa masu ƙorafin sun fi ƙarfin murya fiye da yawa. Daga nan ƙungiyar ta tafi hutu na kusan shekara goma. Ta dawo a 2015 da White Light, wanda ya koma pop, sannan a 2017 ta fitar da Jupiter Calling, wanda T Bone Burnett ya naɗa musu suna kiɗa tare a ɗaki ɗaya, ba tare da yawan gyaran kwamfuta ba.