Tarihin Gilashin Gaban Mota da Matsalar Yoyo

Motocin farko da aka ƙera a ƙarshen ƙarni na 19 ba su da gilashin gaba, shi ya sa direbobi ke sa tabarau domin kare idanunsu daga ƙura da iska, kuma ko da aka fara kafa gilashin a farkon ƙarni na 20, irin na tagar gida ne, wanda idan ya fashe yakan tarwatse ya yayyanki waɗanda ke cikin motar. Maganin wannan haɗari daga Faransa ya fito, inda masanin sinadarai Édouard Bénédictus ya yi rajistar gilashi mai falle uku a 1909, wato fallen gilashi biyu da aka manna da siririn fallen roba a tsakaninsu, ta yadda ko ya tsage ɓaraguzansa ba sa warwatsuwa. Kamfanin Ford ya sa irinsa a motarsa Model A da ta fito a 1927.

Sai dai tarihin yoyo ya fi alaƙa da yadda ake ɗaura gilashin a jikin mota. Shekaru da dama ana amfani da zoben roba mai tsagi biyu, ɗaya ya kama bakin gilashi, ɗayan ya kama bakin ƙarfe, kamar yadda yake a Peugeot 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna. Idan zafin rana ya busar da robar ta tsattsage, ruwan farkon damina kan tona asirinta, amma gyaran bai da tsada, domin sauya zoben kawai ake yi a mayar da tsohon gilashin.

Al'amarin ya sauya bayan dokar Amurka ta 1970 wadda ta wajabta gilashin gaba ya tsaya a mazauninsa lokacin karo, abin da ya ƙarfafa kamfanoni su koma manna shi kai tsaye da gam mai ƙarfi da ake kira foliyuretan. Baƙin zanen da ke kewaye da gefen gilashin motocin yau an yi shi ne domin kare wannan gam daga hasken rana. Daga nan gilashin ya zama ɓangaren ƙarfin jikin mota, yana tallafa wa rufi idan motar ta kife, yana kuma tokare jakar iska ta fasinja idan ta buɗe.

Wannan sauyi ne ya ɗaga kuɗin gyara, domin yoyo a motar zamani yawanci alama ce ta gam da ya saki ko tsatsa da ta ci ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, kuma gyara na gaskiya yana buƙatar a yanke gilashin a cire shi, wanda kan iya fashewa a yayin aikin, a kankare tsatsar, a shafa sabon gam, a kuma bar shi ya bushe. Motocin da ke da kyamara a bayan gilashi kuwa sai an sake saita ta. Saboda haka mai motar da ya wadatu da shafa ɗan gam ta waje zai iya tsayar da ɗigon ruwa, amma gilashin da zai kare shi ranar haɗari yana nan a sake.